Yabon da Ya Raba Baba Arzika da Jitarsa

Littattafan da na tashi ina karantawa a ɗakin yayyena mata a Nasarawa, can Birnin Kebbi, abu ɗaya suka koya mini game da ƙasar waje: saurayi zai tafi a ƙarshen shafi, a shafi na gaba ya dawo da mota da sabon ƙamshi, budurwarsa tana leƙensa ta taga. Babu marubuciyar da ta taɓa faɗa mini abin da ke tsakanin shafukan nan biyu. Ni na je na gano wa idona, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Haushin mutum biyu nake ji. Na farko wani dillalin tsofaffin jitoci ne mai suna Lusiyen. Na biyu ni ne, Nafi'u mai gyaran rediyo, kuma nawa kason ya fi yawa.

Kwatano

Sale ne ya ja ni. Ɗan unguwarmu ne, ya yi shekara uku a Kwatano yana turo hotuna da baƙin tabarau. Ya ce a tashar jiragen ruwa ana neman masu hannu a kayan lantarki. Na yi wa Hauwa'u, yarinyar da nake nema a Gwadangaji, alkawarin shekara ɗaya tak, na rubuta mata a takarda mai hoton fure.

Ranar da na sauka Sale ya rungume ni, ya saya mini shinkafa da wani kifin teku mai ƙarni. Ya buɗe jakar kayan aikina yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. "Nafi'u, da waɗannan ai ka gama samun aiki. Kawo in nuna wa oga, kai zauna nan ka huta." Na zauna. Har la'asar ina kare shi a zuciyata, ina cewa cunkoson hanya ne ya riƙe shi. Ban sake ganinsa ba, daga shi har jakar.

Kwana goma sha ɗaya na yi a barandar wani masallaci a Zango, unguwar Hausawa. Ladanin, wani tsohon Bazabarme, kullum da safe zai ajiye mini kofin koko da ƙosai ya wuce. Bai taɓa tambayar sunana ba, balle abin da ya kawo ni, kuma wannan shirun nasa ya fi mini kokon daɗi. Na je na ga teku, wadda a littafi masoya ke takawa a bakinta riƙe da takalma. Warin man jirgi na tarar da tarin leda. Na tuna gulbinmu lokacin da shinkafa ke yin kore shar tun daga gada har inda ido ya tsaya, na zauna a kan yashi na yi kuka kamar an aiko mini da rasuwa. Da na share fuska sai na jingina da motar wani na ɗauki hoto na tura wa Hauwa'u.

Lome

Wani direban tirela ɗan Kamba ya ɗauke ni zuwa Lome saboda Allah. Akwai kasuwa a can inda ake fasa kwantenonin gwanjo daga Turai: firji, rediyo, keken ɗinki, duk abin da Bature ya gaji da shi. Na samu gefen teburin wani mai gyara ina aiki da kayansa.

Nan Lusiyen ya same ni. Siriri ne mai furfura, ya daɗe a Turai, kowa a kasuwar Mushe yake ce masa, wato Malam da Faransanci. Ya zo da jitar lantarki a baƙin akwati, waya ɗaya ta tsinke a cikinta. Da Turancin buroka muka yi magana. Ya ce in liƙe wayar nan kawai, da tsohuwar dalmar da ke wurin, zai dawo bayan awa ɗaya. Na liƙe cikin minti biyar. Sai na tsaya ina kallon jitar: fenti ya tsattsage, jiki ya yi dauɗa kamar murfin tukunyar miya. Ni kuwa maigidana na Nasarawa ya hore ni cewa ba a mayar wa mutum kayansa da datti. Na jiƙa tsumma da kananzir na goge wuri mai faɗin tafin hannu, ya yi ƙal.

Da ya dawo ya gani sai ya shaƙe wuyan rigata. "Wa ya aike ka? Shekara hamsin ka goge da tsumma." Mutane suka taru. Ya sake ni, ya fito da ɗan gilashin ƙara girma ya duba liƙin da na yi. "Hannunka yana da hankali, kanka ne babu. Gobe ka zo gidana."

A gidansa akwai ɗaki mai sanyi, jitoci a rataye jikin bango kamar rigunan amare. Sana'arsa ita ce bin tsofaffin makaɗan da suka yi tashe a otal-otal da gidajen rawa bayan samun 'yancin kai, ya raba su da jitocinsu, ya tantance shekarunsu a takarda, ya sayar wa masu tara irinsu a ƙetare. Wata bakwai na yi a ɗakin nan, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, ya koya mini aiki. Kafin ka taɓa jita ka fara sansana akwatin, don tsohon akwati yana da warin tsohon littafi da taba wanda ba a iya ƙirƙira. Ka duba kan kowane noti, in sukundireba ta taɓa shiga bakinsa zai nuna. Tsagar fenti ta gaskiya kamar lakar fadama take in ruwa ya janye, tana karkacewa yadda ta ga dama, ta 'yan damfara kuwa da reza ake yi, tana miƙewa sosai. Yana da wata fitila mai shuɗin haske, in ka haska tsohon fenti sai ya yi sheƙi, inda aka yi faci kuma ya yi baƙi. A bayan jita, daidai inda wuya ya haɗu da jiki, akwai ɗan farantin ƙarfe da aka buga wa lamba tun daga masana'anta. Wannan, in ji shi, shi ne katin shaidarta.

Ni da aka rene ni da littafin soyayya, me ake jira? Na kamu. Na raɗa musu sunaye, ja ita ce Zinatu, mai ruwan madara Fa'iza. In ina canza tsirkiya sai in riƙa yi musu kirari da Hausa. Na riƙa tura wa Hauwa'u saƙon murya ina kwatanta mata su, har ta ce, "Nafi'u, wai aiki ka tafi nema ko katako ka tafi aure?" Lusiyen yakan tsaya a ƙofa yana saurarena yana murmushi, ya ce ba ya jin ko kalma ɗaya amma bakina zuma ne. Fasfona yana cikin durowarsa, wai don kada ya ɓace. Ban ga komai a ciki ba. A littafi ai haka attajiri ke ɗaukar yaro ya mai da shi ɗa.

Kumasi

Akwai jita ɗaya da ya yi shekara shida yana bi. Tana hannun wani tsoho a zangon Kumasi, ƙirar Amurka ce, ba a taɓa kwance mata noti ko ɗaya ba. Sau uku yana zuwa, tsohon bai ko bari ya gan ta ba. "Mutumin ƙasarku ne," in ji shi. "Ka je ka gaishe shi kawai. Kada ka yi maganar ciniki." Ya sauka a otal, ni ya kai ni masaukin Alhaji Tanko, fatoman da 'yan albasa daga Kebbi ke sauka a wurinsa.

Na sami tsohon a ƙofar gida yana gyaran wata ƙaramar komar kamun kifi, ko da yake babu gulbi kusa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ɗago da sauri.

"Kai ɗan ina na?"

"Birnin Kebbi, Baba."

"Ɗan Birni." Ya yi dariya har da tari. "Ku da ba ku iya cin kihi ba sai ƙaya ta maƙale muku. Ni Argungu anka haihe ni. Balaraba, taho ki ga ɗan Birni ya ɓato."

Sunansa Arzika. Wata tara ban ji harshen gida haka ba, sai na nemi wuri na zauna kusa da shi. Matarsa, Iya Balaraba, haifaffiyar Kumasi, ta kawo tuwon shinkafa da miyar busasshen kifi. Yana cire mini ƙaya da hannunsa yana ajiye tsokar a gefena, yana tambayata: har yanzu ana kama giwan ruwa? Tsamiyar bakin kasuwa tana nan? Ya lissafa mini sunayen mutanen da na tabbata ƙasa ta daɗe da rufe su, na ce duk suna lafiya.

Kwana biyu ina zuwa. A rana ta biyu ya ba ni labarin da kansa. Gidansu masunta ne. Yana saurayi ya gudo da motar goro, ya faɗa cikin masu kiɗan zamani, mahaifinsa ya aiko cewa in ya riƙe kiɗa kada ya dawo. Ya riƙe. Jitar a hannun wani matuƙin jirgin ruwa ya same ta a Takoradi, ta ciyar da shi shekara ashirin. Tun da ya sauke farali ya daina fita wasa, amma yakan rufe ɗaki ya kaɗa ta a hankali ba tare da sifika ba. Allah bai ba su haihuwa ba. "Gida na bari saboda ita," in ji shi. "In na saida ta, mi za ni ce na bar gida dominai?"

Na gaya wa Lusiyen ya haƙura. Ya ce ya haƙura, so yake kawai ya gan ta sau ɗaya kafin ya mutu, ya ɗauke ta a waya don tarihi. "Ka roƙa mini. Kuma in ya fito da ita, ka yi mata irin kirarin nan naka. Tsofaffi suna son a yabi abinsu." Na roƙa. Baba Arzika ya ce, "Don kai, ɗan Birni."

Da hantsi muka je. Maƙwabta sun ji labari, dattawa huɗu suka zauna a tabarma, mata suna leƙe daga tsakar gida. Ya fito da akwatin ya buɗe. Warin nan ya bugi hancina. Launinta kamar faɗuwar rana a kan ruwa, baƙi a gefe, ja, sannan rawaya a tsakiya. Inda damtsensa ke gogawa fenti ya cinye har katako, katakon ya yi santsi ya yi duhu da zufar shekaru. Ya ɗora ta a cinya ya taɓa tsirkiya, sautin ya fito siriri, sai da kowa ya yi shiru kafin a ji.

A nan na yi abin da ko yaron goye a garinmu ya san ba a yi. Kowa ya san in ka je gidan mutum ka ga abinsa ya burge ka, sau ɗaya za ka ce ma sha Allah ka kau da kai. In ka nanata, ka ɗaure shi, dole ya ce ka ɗauka. Kai kuma dole ka ce a'a, a hannunka ya fi kyau. Ya sake tayi, ka sake ƙi, a yi dariya, kowa ya tashi da mutuncinsa. Na san wannan kamar yadda na san sunana. Amma na buɗe baki, duk littattafan yayyena suka zubo. Na ce ita ce tauraruwar da ta ɓace wa sama. Na ce wanda ya mallake ta ya gama da duniya. Na ce da za a ce in zaɓa tsakanin numfashina da in kwana ɗaya da ita a ɗakina, da na ajiye numfashin. Dattawan suka fara kallon ƙasa. Ban lura ba. Lusiyen yana ɗauka da waya.

Baba Arzika ya dube ni, ya yi ɗan murmushi irin na wanda aka taka wa ƙafa a cikin sahu. Ya miƙo ta da hannu biyu. "To ɗan Birni, tunda ta kwanta maka haka, ɗauka. Taka ta."

Sai a lokacin na farka. Na buɗe baki zan ce a'a, Lusiyen ya dafa kafaɗata ya tambaya da Turanci me tsohon ya ce. Na juya ina fassara masa, ina shirin ƙarawa da cewa al'ada ce kawai. Ban kai can ba. Ya miƙe, ya karɓi jitar daga hannun tsohon, ya rusuna har ƙasa yana godiya, ya kwantar da ita a akwati, ya danna makullai biyu. Ƙarar makullan nan har yau tana kunnena.

"Baba, ba haka ba ne," na ce. "Mushe, ajiye. Baba, a hannunka ta fi kyau."

Amma akwatin ya riga ya bar tabarma. A gaban dattawa huɗu da matan unguwa, mutumin da ya haura saba'in ba zai ce wasa nake yi ba. Ya tashi, ya gyara hularsa. "Na ba da, an karɓa. Allah shi sa albarka." Ya rako mu har mota, don baƙo sai da rakiya. Shi ya nuna wa direba inda zai juya. Iya Balaraba tana bakin ƙofa, ba ta dubi Lusiyen ba ko sau ɗaya. Ni ta duba.

A mota na rasa Turancin, na zage shi da Hausa, na ce masa ɓarawo, azzalumi, maci amana. Ya bari na gama. Sannan ya juyo ya ce mini da Hausa tsantsa, wadda ta fi ta wasu 'yan bokon garinmu, "Kyauta kyauta ce, Nafi'u. Ni ban roƙa ba. Kai ka roƙa."

Wata bakwai yana tsaye a ƙofa yana jin kowace kalma. Ba hannuna ya ɗauka aiki ba, bakina ya ɗauka. Ya zauna a zango shekaru, ya san al'adarmu sarai, ya san inda take da taushi, ya nemo wawan da zai danna masa wurin.

Na sauka a kan hanya na ruga masaukin Alhaji Tanko. Na same shi a kan buhunan albasa yana cin goro. Na faɗa masa komai ban rage ba. Ya tofar da goron.

"Uban wa ya rene ka? A Birni haka ake yabon kayan mutane?"

"Alhaji, na yi kuskure."

"Kuskure shi ne ka zuba gishiri a shayi. Wannan sakarci ne. Tashi mu tafi."

Ya kira wani direba, aka tayar da babbar motar albasa. Muka isa otal ɗin daidai lokacin da ake loda jakunkunan Lusiyen. Direban ya gindaya motar a bakin ƙofar fita, ya kashe, ya sauko ya buɗe gaba yana kallon inji kamar ta lalace. 'Yan albasa shida suka sauko suka jingina da bango. Ba wanda ya ɗaga murya.

Lusiyen ya fito yana murmushi. Ya ce shi mutum ne mai bin doka, yana da shaida. Ya miƙa wa Alhaji wayar. Alhaji ya sa tabarau ya kalla tun daga farko, ni kuma ina tsaye ina jin muryata tana zuba shirme a gaban mutane, na so ƙasa ta tsage. Da aka zo wurin ya ce a mayar baya. Aka mayar.

"Mushe, kai ɗan Birni ne?"

"A'a."

"To ni na ji an ce ɗan Birni, ɗauka, taka ta. Ban ji an ce ɗan Lome ba. Shaidarka mai kyau ce, Allah ya saka. Kawo wa yaro kayansa. Ka haɗo da fasfonsa, na san yana wurinka, irinku ba ku canza hali."

Lusiyen ya dubi motar, ya dubi mutanen da ke jikin bango. Ya ce akwatin yana sama, zai ɗauko. Ya yi kusan rabin awa. Ya sauko ya dire shi a gabana, ya jefa fasfon a kai. "Ka koma gyaran rediyo," in ji shi. "Can ne ba a buƙatar kai."

Sai da muka koma masauki na buɗe. Tana nan, tsirkiya shida, komai a wurinsa. Na juya bayanta. Farantin lambar babu, an ɗaura wani sabo mai ƙyalli, bakin notuna huɗun nan da ba a taɓa kwancewa ba duk sun ji sukundireba. Zai liƙa lambar a jikin wata jitar ya rubuta mata takarda, wani a ƙetare ya rataye ta a bango yana alfahari. Lokacin motarsa ta daɗe da kama hanya. Na zauna a kan buhu ina kallon farantin da haushi, har Alhaji ya ce, "In ka gama, akwai mai jiran kayansa."

Da la'asar na isa. Baba Arzika yana zaure shi kaɗai, komar tana gefe bai taɓa ta ba. Na ajiye akwatin a gabansa na durƙusa.

"Baba, ga ta. Ka yafe mini."

Bai dubi akwatin ba. "Mi ag wannan?"

"Jitarka ce."

"Ba ni da jita. Na ba da ita gaban mutane." Muryarsa ba faɗa a ciki, da ma faɗan ya yi. "Ka yi karatu ko kaɗan? Ba ka ji abin da anka ce ga wanda ya yi kyauta ya koma ya amshe ba? Da huhhurata kaka so in zama hakanan?"

"Ai ba da gaske ka bayar ba, Baba, kowa ya sani."

"Kowa ya sani, amma na hwaɗi. Ɗauki abinka."

Na yi kuka, na rantse, na ce zan tara dattawan nan huɗu in faɗi laifina a gabansu. Ya ce in na tara su na ƙara masa kunya ta biyu. Iya Balaraba tana bayan labule, ina ganin ƙafafunta. Can wata dabara ta zo mini, na ji kamar jarumin littafi a babin ƙarshe.

"To Baba, na karɓa, tawa ce. Amma ni matafiyi ne, ba ni da ɗaki, motar albasa zan bi. Ajiya na kawo. Ka riƙe mini amana."

Amana ba a ƙin ta ga baƙo, ya sani, na sani. Ya jawo akwatin, ya buɗe, ya juya bayanta kamar wanda aka gaya wa. Ya ɗora babban yatsa a kan sabon farantin, ya shafa bakin notunan ɗaya bayan ɗaya. Bai tambaye ni ba. Ya rufe.

"Na amshi ajiya. Balaraba, kai ta ƙarƙashin gado, ki rufe da zane kada ƙura ta taɓa kayan mutane."

Na ji sanyi a raina, na yi murmushi. "Sai ka ci gaba da kaɗa abarka, Baba, kamar da."

"Ajiya ba a taɓa ta."

"Na yarda maka. Wallahi na yafe, ka kaɗa kullum."

"In ka yarda ta zama aro ke nan." Ya jawo komarsa ya ɗora a gwiwa, ya fara neman inda ya tsaya. "Shekara hamsin ina kiɗa, ɗan Birni, ban taɓa kiɗa da jitar aro ba. Ba yau za ni hwarawa ba. In ka isa gida ka gaishe min da gulbi."

Na tashi. Wannan karon bai rako ni ba. Iya Balaraba ce ta biyo ni har bakin ƙofa da ƙullin busasshen kifi da gari a leda, ta ce guzuri ne, hanyar Kebbi da nisa. Na ce, "Iya, ki roƙa mini shi. In na tafi zai huce, zai buɗe ta."

Ta danƙa mini ledar a hannu, ta riƙe hannun nawa kaɗan.

"Shekara arba'in da ɗaya ina aurensa, ɗana. Ba zai buɗe ba."

Ta koma ciki ta saki labule.